Lemun Tsami Da Kifin Jiya: Ina Gyara Ya Tsaya, Ina Ha'inci Ya Fara?

Idan aka ambaci Haɗeja, mai son tarihi zai tuna da Sarki Buhari da yaƙe-yaƙensa, ko Sarki Muhammadu wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har ya yi shahada a 1906. Amma ga direban mota da mai cefane, Haɗeja kifi ce. Daga Auyo zuwa Kirikasamma, daga Guri har ka dangana da Nguru, ruwan da ya gangaro daga Kogin Kano da na Challawa yana bazuwa cikin fadamu, masunta su bi shi da taru da birgi da mali, su fito da tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi, wani lokacin har da giwan ruwa in an taki sa'a. Wanda ya je garin ya koma gida hannu rabbana, babu ko ƙullin bandar kifi na tsaraba, to sai ya shirya amsa tambayoyi.

A kan kifin nan nake so mu tattauna a wannan watan, ni da kai mai karatu. Na san wani zai ce me ya haɗa mai sharhin fim da madafa? Yi haƙuri, za mu zo kan fim ɗin. Abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne, lemun tsamin da uwargida ke matsawa a kan sabon kifi don ta ƙara masa daɗi, shi ne dai lemun da wata mai suya ke matsawa a kan kifin da ya kwana ya fara juyawa, don kada hancin mai saye ya gane. Turmi ɗaya, ganye ɗaya, aiki ɗaya. Ta farko mu ce mata gwana, ta biyu mu ce maha'inciya. To a ina ne gyara ya tsaya, ha'inci ya fara?

Bari mu soma da haɗin kansa, domin bai kamata mutum ya yanke wa abu hukunci alhali bai san yadda yake aiki ba. Masu koyar da girki a talabijin da intanet suna ce masa "marinetin", amma iyayenmu mata ba su tsaya jiran sunan ba. Cewa suke a cuɗe kifi da kayan ƙamshi a bar shi ya tsumu. Ga kifi kamar kilo 1, ana samun lemun tsami 3 ko 4, tafarnuwa ƙwaya 5, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, attaruhu 2, ɗan masoro, gishiri ƙaramin cokali 1, man gyaɗa babban cokali 3, sai ganyen ɗoɗɗoya cikin hannu guda da lawashin albasa. Mai son na'a-na'a ya ƙara. A daka tafarnuwa da citta da attaruhu da masoro tare da gishirin, a kankaro koren bayan lemun guda a zuba, amma a kiyayi farin da ke ƙarƙashinsa domin ɗaci gare shi. A matse ruwan lemun, a zuba mai, sannan a ƙarshe a yanka ganyen ƙanana a juya. Dalilin barin ganye sai ƙarshe shi ne tsami na dusar da korensa, in ya daɗe a ciki sai ya koma kalar ruwan kwata. Idan tarwaɗa ce, a fara wanke yauƙinta da toka ko ruwan zafi. A tsattsaga jikin kifin da wuƙa, a cusa haɗin a cikin tsagar da cikin ciki, a rufe a kwanon tangaran ko na roba, kada a sa a na dalma domin tsami na cin sa ya bar wa abinci ɗanɗanon ƙarfe. Minti 20 zuwa 30 ya wadatar, kuma a wuri mai sanyi. Kaza kuwa takan so awa 2 ko fiye, a firij, kuma ta fi daɗi in an surka da ruwan lemun zaƙi. Ragowar ruwan da ɗanyen kifi ya kwanta a ciki ba a zuba shi a kan gasasshe sai an tafasa shi.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan da aikinsa. Gishiri ne kaɗai ke ratsa tsoka ya shiga can ciki. Mai shi ke ɗaukar ƙamshin ganye da citta ya shafa wa kifin. Shi kuwa lemun tsami, aiki biyu yake yi, kuma a nan maganarmu take. Na farko, yana sauya tsokar waje ta yi fari ta ɗaure kamar wadda ta ga wuta. In aka bar shi ya zarce lokaci sai kifin ya dagargaje ya yi gari-gari a baki. Na biyu, yana kashe ƙarni. Kifin fadama irin su tarwaɗa da karfasa yana da wani ƙarni mai kama da warin taɓo, wanda yake samu daga wani sinadari da ƙananan halittun ruwa ke fitarwa, masana na kiran sa jiyosmin. Shi ne ma ke ba da ƙamshin nan na ƙasa idan an yi ruwan farko. Tsami yana karya shi. Idan kuma kifi ya fara lalacewa, ƙwayoyin cuta ne ke cin tsokarsa suna fitar da sinadarai dangin amoniya, su ne ke tashi su daki hanci. Tsami yana kama waɗannan ya ɗaure su, su kasa tashi. Ka lura da kyau, mai karatu: ruɓar tana nan daram, hanyarta ta zuwa hanci kawai aka toshe.

Kada kuma wani ya ce ai tsamin ya dafa shi. Mutanen ƙasar Peru su ne gwanayen cin ɗanyen kifi da aka tsuma a lemun tsami, suna ce masa sebiche, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2023. Amma da annobar kwalara ta ɓarke masu a 1991, hukumomin lafiyarsu sai da suka gargaɗi jama'a da su ƙaurace masa, domin farin da lemu ke sa tsoka ba ya nufin duk ƙwayar cutar ta mutu. Haka nan kifin teku irin su titus da sadin da ake kawo mana a ƙanƙara, idan ya narke ya jima a zafi yakan tara wani sinadari mai suna histamin, wanda ko an soya shi ƙayau ba ya gushewa. Mutum ya ci, fuska ta yi ja, jiki ya kama ƙaiƙayi, ciki ya murɗa. Maƙwabtanmu na Senegal da ke yin yasa, wato kaza ko kifi da aka tsuma a lemu da albasa mai yawa, ai gasawa suke su kuma dafa bayan tsumin.

Hanci shi ne duba-garin talaka. Ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da jami'in da zai bi masa kasuwa yana duba tire-tire. Allah Ya ba shi hanci da ido, da su yake kare cikinsa da na 'ya'yansa. Saboda haka wanda ya tsuma ruɓaɓɓen kifi a lemu da attaruhu ya soya ya jera a faranti, abin da ya yi daidai yake da wanda ya bai wa maigadi cin hanci kafin ya shiga sata. Wannan kam ba na jin akwai mai ja.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba, domin in muka ce ɓoyewa ita ce laifin, to mun kama kowa. Ai girki duk ɓoyewa ne. Sabon kifin da aka ciro yanzu daga ruwa ma yana da ƙarni, kuma don a kawar da shi ake matsa lemun. Daddawa ɗanyarta wa zai iya zama kusa da ita? Amarya ana yi mata lalle da dilka da turare, tela yakan yi wa mai tumbi ɗinkin da zai saya masa shi. Mu kuma al'umma ce da ta ɗauki sutura da girma, addu'armu ta kullum ita ce Allah Ya rufa mana asiri. Ɗauki matar da maigidanta ya shigo da 'yan karfasa 3 ƙanana, sai ga baƙi 6 sun yi sallama daga Malam Madori. Ta daka kayan ƙamshi, ta cika tukunya da albasa da tumatir, ta yanyanka kifin yadda kowa zai samu tsoka, baƙi su ci su tafi suna cewa gidan wane akwai wadata. Ta ɓoye wani abu? Ƙwarai kuwa, ta ɓoye talaucin mijinta. Akwai wanda zai kira ta maha'inciya? Ni dai addu'a zan yi mata.

Wasu za su ce bambancin a niyya yake. Niyya na da muhimmanci, amma ba ta isa ta raba gardamar ba. Mai suyar da ta tsuma kifin jiya ba ta tashi da nufin kwantar da kowa a asibiti ba. Niyyarta ta ceci jarinta, ta saya wa yara garin tuwo. In niyya ce kaɗai ma'auni, ta tsira. A ganina tambayoyi biyu ne suka fi kusa da gaskiya. Asirin da aka rufe na wane ne? Sannan wa zai biya kuɗin rufewar? Talaucin maigida asirinsa ne shi da matarsa, baƙo bai yi asarar komai ba don bai sani ba, kuma ko ya sani zai ci abincin, ƙila ma da ƙarin godiya. Ruɓar kifi kuwa tun daga lokacin da aka ɗora shi a faranti don sayarwa ta tashi daga asirin mai suya ta zama haƙƙin mai saye, domin cikinsa za ta shiga, kuma da ya san abin da ta sani da bai miƙa kuɗinsa ba. Duk ɓoyewar da ba ta tsayuwa sai da jahilcin wanda zai cutu, ita ce ha'inci, ko da an yi ta da kyakkyawar fuska.

Malamai sun sha kawo mana labarin da Imamu Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tuhume shi kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, aka kuma barranta daga mai algus. Abin da ke burge ni a labarin nan shi ne, ba a ce ya zubar da hatsin ba, ba a kuma hana shi sayarwa ba. Abin da aka nema kawai shi ne ya mayar da aibin inda ido zai kai. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, shi ma ya lissafa ɓoye aibin haja cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. Bahaushe ya taƙaita shi da cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Rariya ba ta yaudari kowa ba, hujojinta a fili suke.

Yanzu bari in tsaya a gefen mai suyar, don kada a ce mun zauna a inuwa muna yi wa na rana hukunci. Kifi a ƙasar Haɗeja ba kamar da ba ne. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke malala cikin fadamu ya sauya. Ambaliyar damina da ke shimfiɗuwa kifi ya bi ta ya yi ƙwai ta ragu a wurare da dama, a wasu wuraren kuma ruwa ya daina janyewa da rani, sai ciyawar kachala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren su da gonaki. An sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2000, amma takarda ba ta nome kachala. Wata shekarar kuma, kamar 2022, ruwan ya zo da fushi ya kwashe gidaje da shinkafa. Kifi ya yi tsada tun daga bakin ruwa. Matar nan ta saro da bashi, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba ta da firij, mai firij ɗin ma wuta sai an ga dama. Ta soya rabi, kasuwa ta ƙi, rabi ya kwana ɗanye a roba. Da safe ta buɗe ta ji ya fara magana. In ta zubar, jari ya karye, gobe babu na saro, mai bashi kuma ba ya jin wannan labarin. Ga lemun tsami na 'yan kuɗi kaɗan a ƙofar gida. Wallahi jarrabawa ce babba, kuma da yawa daga cikin masu saurin tsine mata ba su taɓa tsayawa a inda ta tsaya ba.

An daɗe ana yaɗa cewa Turawan zamanin da sun riƙa neman barkono da kanumfari ne don su ɓoye warin ruɓaɓɓen nama. Masana tarihi sun yi watsi da wannan, domin a lokacin kayan ƙamshin sun fi sabon nama tsada nesa ba kusa ba. Mai kuɗin sayen kanumfari ba zai ci mushe ba. A wajenmu lissafin a juye yake, kayan rufin ne masu araha, abin da ake rufewa mai tsada. Shi ya sa ƙofar take a buɗe kullum.

Duk da haka ban yarda talauci ya wanke ta ba. Yana rage mata nauyin zargi, yana kuma jawo wasu cikin laifin, tun daga masu alhakin samar da wuta har zuwa masu alhakin gyara kogin. Amma dubi wanda zai sayi kifin nata: ɗan acaɓa ne, ko almajirin da ya tara kuɗin wanki, ko uwar da ta saya wa yaro mai zazzaɓi don ya samu abin da zai buɗe masa baki. Ba ta kwashe asarar ta kai wa gwamnati ba, ta ɗora ta ne a kan wanda ya fi ta rauni, shi kuma zai biya da kuɗin ƙarin ruwa a kemis, wanda ya ninka kuɗin kifin. Sannan kakanninmu da ba su san firij ba ai sun bar mana mafita, ita ce banda. Kifin da aka ga ba zai ƙare ba, tun da yamma kafin ya juya ake ɗora shi a wuta. Banda ba ta yi wa kowa ƙarya, mai saye ya san ba na yau ba ne, ya gan shi baƙi ƙirin ya kuma biya da saninsa. A kanta kasuwar kifin Haɗeja ta yi suna har ake loda motoci zuwa Kudu. Sai dai ita ma bandar son zuciya bai bar ta ba, domin a sassan ƙasar nan an sha kokawa kan masu fesa wa busasshen kifi da wake maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa, har hukumar NAFDAC ta yi ta gargaɗi, ta kuma taƙaita sayar da Sniper a 2019. Wannan ya fi na lemu muni, domin shi lemu aƙalla abinci ne.

To, mu zo gida. Na ce za mu iso kan fim.

Waƙa da rawa su ne lemun tsamin finafinan Hausa. Ba na cikin masu cewa a cire su baki ɗaya, domin na kalli Sangaya da Wasila, na kuma ga yadda waƙa ke ratsa labari ta ƙara masa armashi, har mutum ya kasa tuna fim ɗin ba tare da sautin ya faɗo masa ba. Labaran nan suna da tsokar kansu, waƙar ta zo ta same su. Matsalar ita ce abin da ya biyo baya. Waɗanda suka yi harkar a zamanin kaset, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ke juya industiri, sun sha faɗa da bakinsu cewa akwai furodusan da zai fara zuwa situdiyo ya sayi waƙoƙi, ya ɗauki rawa, ya yanka tirela, sannan ya dawo yana neman wanda zai ƙirƙiro masa labarin da zai haɗa waƙoƙin. Wato an daka kayan ƙamshi tukuna, sannan aka fita neman ko wane irin kifi ne. Mai kallo ya ga tirela a ƙarshen wani kaset, waƙa ta tafi da shi, ya cire kuɗi ya saya. Ya kai gida ya tarar da labarin da aka sato daga fim ɗin Indiya aka yi masa ɗinkin gaggawa, farkonsa bai san ƙarshensa ba.

Furodusa zai kare kansa da cewa, "Malam, jama'a waƙar suke so, mu kuma kasuwa muke bi." Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya sayi fim don waƙa, ya san don ita ya saya, ya kuma same ta, ba a cuce shi ba. Rariya ya saya. Inda aka ci amana shi ne inda aka tallata labari, aka sa suna mai nauyi da fosta mai hawaye, aka ce fim ne mai taɓa zuciya, alhali mai shi ya san babu komai a ciki sai kaya da aka canza sau 7 a gindin bishiya. Ma'aunin dai shi ne na mai suya: da mai kallo ya san abin da darakta ya sani, zai saya?

Akwai kuma wani tsumin da ya fi waƙa wayo, kuma shi ne ya fi ba ni haushi, wato faɗakarwa. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kalmar nan ta zama garkuwa. Sai a kwashe awa 2 ana nuna maka yadda ake sheƙe aya, kyamara na lasar motoci da gidaje da jikin 'yan mata, mugu na shan daɗinsa filla-filla, sannan saura minti 5 a tashi a kawo malami da rawani ya yi nasiha, ko a kifar da mota mugun ya mutu. Shi ke nan, wai an faɗakar. Wannan nasihar ba ta ratsa labarin ba, a sama aka yayyafa ta don hancin hukuma da na iyaye. Yaron da ya kalla kuwa awa biyun ne ya zauna masa a ciki. Ni a wajena fim ɗin da ya fito fili ya ce nishaɗi ya zo yi ya fi wannan mutunci.

Marubuta littattafai kada su yi dariya, su ma da nasu. Shafi 10 ana lissafa akwatunan lefe, da sunan mota, da kalar labulen falo, da irin girkin da amarya ta jera, amma ka tambayi me ya sa jarumar ta yi abin da ta yi, babu amsa. Kwatanta da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990: kayan adonsa kaɗan ne, amma Rabi da halin da mijinta ya jefa ta suna nan a zukatan masu karatu har yau. Haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, abin da ya riƙe mutane shi ne rikicin so da dukiya da ke tsakiyarsa. A yanzu da kasuwa ta koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, ɓarnar ta ɗauki wani salo, wanda ya yi kama da na mai barin kifi ya wuni a lemu. Labari mai kyau, sabo fil, wanda zai ƙare lafiya a kashi 13, sai a yi ta jan sa zango bayan zango saboda talla na shigowa, har tsokarsa ta dagargaje. A nan ba a ɓoye ruɓa ba, lafiyayyen abu aka lalata da yawan gyara. Ban ce wannan ha'inci ne ba, amma almubazzaranci ne da basira da kuma lokacin mutane.

Wurin da tambayar ta fi zafi shi ne neman aure. Saurayi ya ari riga da mota ya je zance, budurwa ta sha kwalliya. Kowa ya san wasan, kowa na yi, ba na jin akwai wanda aka zalunta sosai. Tsohon kuskuren da mutum ya yi ya tuba, wanda ba zai bi abokin zama ya cutar da shi ba, addini ma ya kwaɗaitar da a suturta shi. Amma ciwon da zai ratsa zuwa ga miji ko mata ko 'ya'ya, ko matan da ake da su a wani gari, ko bashin da zai cinye gidan, waɗannan sun tashi daga asirin mutum ɗaya. Da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wasu sun ce tonon silili ne. Ni kuwa gani na yi an ce a ɗora jiƙaƙƙen hatsin a sama. Wanda ya gani ya ce ya ji ya yarda, ruwansa.

Da yake gishiri ne kaɗai ke shiga can ciki, lemu da ganye iyakarsu bayan tsoka, mai sayen soyayyen kifi yana da dabara guda da ta rage masa. Kada ya shinshina fatar, nan ne fadar attaruhu. Ya ɓare shi biyu ya kai hanci wajen ƙashin baya, ya kuma duba tsokar wurin: in ta ɓantare fara tas, sala-sala, lafiya lau, in ta yi laushi kamar fate ko ta yi duhu tana maiƙo, ya ajiye. Ɗanye kuwa a ɗaga marfin kunnensa a ga ja ne ko ya koma ruwan ƙasa, a dubi idon ko ya faɗa ya yi hazo, a danna jiki da yatsa a ga ko gurbin zai ciko. Tarwaɗa ta fi sauƙi, tunda tana daɗewa da rai a ɗan ruwa kaɗan, sai a ce a buge ta a gabanka. Irin gwajin da nake yi wa fim ke nan kafin in rubuta sharhi a kansa: in tura waƙoƙin gaba, in tsallake nasihar ƙarshe, in duba agogo in ga minti nawa suka rage, sannan in nemi wanda bai kalla ba in gwada ba shi labarin da baki. Akwai finafinan da nakan kwashe rabin awa ina bayarwa ana cewa "sai me ya faru?" Akwai kuma waɗanda kafin mai shayi ya gama firfita mani kofi ɗaya na kai ƙarshensu.